Wa Ya Ɗinke Kunnen Jangwam?

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na yi muku shiru, ku yi haƙuri, ba jan aji ba ne. Raina ne a jagule. In na ce muku kunnen dodo ne ke neman raba ni da saurayina za ku ce na zautu, amma wallahi maganar ke nan. Kunne guda, na hagu.

Bari in ɗauko daga tushe saboda waɗanda yau suka fara karanta ni. Ni tela ce, kuma 'yar tela. Ina aiki a wani shago da ke saman bene, ƙasanmu masu sayar da taya ne, mu kuma muna ɗinka wa masu fim da 'yan wasan dandamali kaya. A gida daga ni sai Mama, sai Gwaggo, ƙanwar marigayi Babanmu, wadda ta zo duba mu na ɗan lokaci ta samu wuri ta miƙe ƙafa. Ni ce auta, don haka duk surutun aure na gidan a kaina ya tare.

Mutumin nawa a kemis yake aiki, amma ba mai kiransa da sunan aikin. Shugaba ake ce masa, saboda shi ne shugaban guruf ɗin masoyan Dodannin Bayan Gari, katun ɗin nan da muke rige-rigen dawowa daga makaranta don kar ya wuce mu. Babban dodon cikinsu shi ne Jangwam, ƙato mai gashi ruwan toka da tafiyar agwagwa. Kunnensa na hagu a yage yake, tun ranar da ya kutsa ta cikin wayar shinge ya fito da wata yarinya da ta maƙale.

Ni dai na kalli abina ina yarinya, na bar shi a yarinta. Shugaba bai bari ba, kuma yana da dalili. Ruwan zafi ya zube masa yana ƙarami, tabon ya taso daga wuyansa har gefen kunne. Ya taɓa gaya min cewa akwai lokacin da ya daina fita wasa gaba ɗaya saboda tsokanar yara, sai dai ya zauna gaban talabijin. Ya ce, "Telata, Jangwam ne ya fitar da ni waje. Na ga kowa na sonsa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya rufe kunnen." Tun daga ranar ban ƙara yi masa dariyar katun ba.

To sai ga labari wai za a yi fim ɗin Dodannin da mutane na gaske, ba zane ba. Kuma cikin ikon Allah shagonmu aka ba aikin kayan. Uwar ɗakina, mai shagon, ta tara mu ta zare ido, ta ce kamfanin ba ya son ko ƙuda ya ji, duk wadda bakinta ya yi ƙaiƙayi ta nemi wani shagon. Shi ya sa ban gaya wa Shugaba ba. Ina ta ƙunshe abin a ciki, ina jiran ranar da fim zai fito in ce masa, ka ga Jangwam ɗin nan, hannun telarka ne. Har yadda zai buɗe baki na gama hangowa.

Kan dodon aka ba ni. Kunnen nan kuwa na sha wahalarsa fiye da komai, don yaga da gangan ya fi ɗinki wuya. Na yanka, na tsefe bakin da burushin ƙarfe, na ɗan babbaka gefen don ya yi kama da tsohon rauni. Da aiki ya ƙure mana sai na taho da shi gida na ƙarasa shafin ciki, na sa a buhu na ɗaure, na jingine a falo. Washegari da safe na fita kasuwa sayen zif, kafin in dawo direban kamfani ya zo ya ɗauka. Na ce alhamdulillahi, an rabu da Bukar. Ban sani ba ashe haihuwar Habu aka yi.

Watanni suka wuce. Ranar da aka saki tallan fim ɗin muna shago, muka taru a kan waya ɗaya, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Kiɗa ya tashi, ƙura ta lafa, Jangwam ya juyo da kansa a hankali. Kunnen hagun nan lafiyayye ne sumul, a tsaye kamar na sabon zomo. Ko alamar yaga babu.

Uwar ɗakina ta juyo ta kalle ni. Na ce mata wallahi a yage na ba da shi. Ta ce to ko can wurin ɗauka suka gyara, tunda daraktan ma an ce bai taɓa kallon katun ɗin ba, shi dai a ba shi dodo. Ta ce kowa ya ja bakinsa, in kamfani bai tambaya ba mu ma ba mu sani ba.

Kafin in sauko daga bene wayata ta ɗau zafi. Ina cikin guruf ɗin nasu, shi ya sa ni tun farkon haɗuwarmu, kuma ban taɓa cewa uffan a ciki ba. Ranar kuwa kamar an watsa wa kaji tsaba.

Wani ya rubuta, "Wannan ba Jangwam ba ne, ƙaninsa ne da ya yi karatu a waje."

Wata ta ce, "Sun kai shi asibiti ne kafin a fara ɗauka?"

Wani ya ce a sa ranar da kowa zai sa baƙaƙen kaya. Wani magidanci, da furfurarsa a hoto, ya turo saƙon murya yana kuka, ana jin matarsa a baya tana tambayarsa wa ya rasu. Da ba ni ke cikin rigimar ba da na yi dariya har da hawaye.

Sai saƙon Shugaba ya shigo, dogo, ya kafe shi a saman guruf. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, raini ne. Ya ce duk wanda ya ɗauki allura ya rufe wannan kunne, ce wa duk mai tabo yake yi ya koma ɗaki, fuskarsa ba ta kallo ba ce. Ya ce mutum ne marar zuciya, wanda bai san ciwo ba. Ya rufe da cewa, "Sai mun gano ko wane ne, ya fito ya ba mu haƙuri da bakinsa."

Na karanta a cikin mota, na sake karantawa. Ni ma a lokacin haushin mutumin nake ji, don ni ya ɓata wa aiki.

Na iso gida da la'asar na tarar da Mama a kan kujerarta ta bakin taga. Tun da idonta ya yi yana ta daina karɓar ɗinki, ko in ce masu kawowa suka daina kawowa. Kekenta na nan a lungu an lulluɓe shi da tsohon zanen gado, Gwaggo ta mayar da kansa wurin ajiye filas. Amma hali zanen dutse. Mama ba ta iya zama kusa da yagaggen abu. Baƙo in ya zo da ɓallallen maɓalli, sai ya zauna an mayar masa kafin a ba shi ruwa. Labulenmu ya sha ɗinki har ba a san asalin yadinsa ba. Kullum maganarta ita ce, yaga a gidan tela abin kunya ne.

Na zube a gefenta ina huci, na ce, "Mama, kin tuna kan dodon nan da na kawo? Yau aka nuna shi."

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Allah? Ya kunnen ya fito?"

Na ɗago a hankali. "Wane kunne?"

Ta yi 'yar dariya tana rufe baki da gefen mayafi. "Ai na so in yi shiru, kar ki ce na raina aikinki. Da kika fita kasuwa na ce bari in shafa in ji abin da 'yata ke yi. Sai na ji ɓaraka a kunne, har da ƙuna. Na ce oh ni, yarinyar nan gajiya ta sa ta kusa kai wa mutane abin kunya. Na datse ƙunar, na haɗa bakin ta ciki, na taje gashin ya rufe. Auta, ko fitila ban kunna ba. Ido ya tafi amma hannu bai manta hanya ba."

Ta ɗaga hannayen tana juya su kamar yau ta fara ganinsu. Rabon da in ga Mama da irin wannan fuskar tun Baba na da rai.

Jama'a, ku gaya min, me zan ce? Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya yi kyau, Mama. Ko alama ba a gani."

"Ai na sani," in ji ta.

Na shige ɗaki na danna fuskata a filo na yi ihun da ba mai ji. Haushi nake ji kamar in fashe, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Mama da ta yi don ta rufa min asiri? Shugaba da aka taɓa masa inda ke masa ciwo? Sai na tattara na sauke a kan daraktan, mutumin da ya yi wata da watanni yana kallon dodo bai taɓa tambayar yadda kunnensa yake ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta ɗaga labule ba sallama.

"Ke, wai shi mai maganin nan naki sai yaushe za mu ga ƙeyarsa? Ko a waya za a yi auren?"

"Gwaggo, yana da hidima yanzu."

"Hidimar me? 'Yar maƙociyarmu da kika girma ga ta can da goyo. Ki ce masa ranar hutun nan ya zo ya gaishe da uwarki, in kuma wasa yake ya ba wasu wuri. Ni na gaji da amsa tambaya a gidan suna."

Na yi ta kawo dalili tana kakkaɓewa. A ƙarshe ta ce in ban kira shi ba ita ta san kemis ɗin, ƙafarta ƙalau. Kun san Gwaggo ba ta barazanar banza.

Washegari da rana na je wurinsa da niyyar in fasa ƙwai kowa ya huta. Na same shi a bayan kanta, farar rigar aiki a jikinsa, idonsa ya yi ja. Yana miƙa wa wata mata maganin tari da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya.

"Telata, kin ga abin da suka yi mana?"

"Na gani. Amma Shugaba, in fa wanda ya yi bai sani ba ne? In da kyakkyawar niyya ya yi?"

Ya yi murmushin da ba na so. "Haka masu ba ni man shafawa a mota suke cewa. Kowa da kyakkyawar niyya yake ce min in gwada kaza, zai goge. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina so ya goge." Ya juyo min da wayar, ya zuƙo hoton kunnen har gashin ya cika fuskarta. "Ke tela ce. Dubi nan. 'Yan guruf sun ce ɗinkin hannu ne, kuma ba na yaro ba. Za ki iya gane irin masu wannan ɗinkin?"

Ɗinkin da aka yi min kayan makaranta da shi tun daga aji ɗaya. Na ce, "Hoton bai fito sosai ba."

Na san za ku zage ni a nan, ku zaga, na cancanta. Maganar ta zo har bakina, sai na hango shi yana kallon Mama da idon da yake kallon hoton nan, na haɗiye. Maimakon haka sai na isar da saƙon Gwaggo. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce ai ya daɗe yana jiran a ce ya zo. Har da tambayata wace riga zai sa.

Ranar da zai zo tun safe nake bin Mama ina roƙo. Na ce kar ta yi maganar fim, sirrin kamfani ne, za a iya korata. Ta ce, "Ni yarinya ce?" Gwaggo ta sa aka fitar da kofunan baƙi, aka sauke filas daga kan keke, aka goge shi har yana ƙyalli. Na sa doguwar rigata ruwan zuma wadda na yi wa aiki a wuya, na ɗaura ɗankwali ya fi sau nawa yana zamewa.

Ya iso bayan azahar, cikin shuɗin yadi mai guga, da ledar 'ya'yan itace. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su. Gwaggo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a wuyansa, na ga bakinta ya fara motsi. Na yi sauri na tura mata faranti. Ta harare ni, ta ja farantin gabanta.

Hira ta yi daɗi da farko. Ya tambayi Mama idonta, ya gaya mata yadda ake ɗiga maganin ba tare da ya zube ba. Mama ta ce ya matso ta gan shi da kyau. Ganin Mama kuwa da hannu ne. Ta dafa kafaɗarsa, hannun ya gangaro zuwa hannun riga, sai ya tsaya cak.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan ɗinkin? Ga bakin hannu ya fara warwarewa. Auta, miƙo min gwangwanin allura."

"Mama, ki bar shi, ni zan gyara masa."

"Yana gidana zai fita da zare na reto?"

Shugaba ya yi dariya ya miƙa hannu. Muna kallo ta zura zare da laluben yatsa, ta kama bakin yadin ta ciki. Kafin shayin kofinsa ya huce ta gama ta ciji zaren. Ya ɗaga hannun rigar yana juyawa.

"Ikon Allah. Mama, ko wurin ban gani ba."

"Ai ba a gani," in ji Mama, tana gyara zama. "Kai da yake na gida ne yanzu, ba a ɓoye maka. Ko dodon nan da ake nunawa..."

"Mama," na ce.

"...da kunnensa a yage ya zo gidan nan. Ni na rufa wa 'yata asiri."

Shugaba bai kalli Mama ba, ni ya kalla.

Na ce, "Ni ce. Aikina ne, a hannuna ya fita, Mama ba ta..."

"Ji min yarinya," Mama ta katse ni, har da ɗan ɓata rai. "Yanzu kuma aikin nawa za ki ƙwace? Yaushe kika iya wannan ɗinkin?" Ta juya wajensa. "Auta ta ce min kai ne babban masu son abin nan, kuna da taronku a waya. To me mutane suka ce? Ita ba ta gaya min komai, ni kuma ido babu. Karanta min in ji."

Ya ciro wayar a hankali. Daga inda nake ina hango rubutunsa a kafe a sama, marar zuciya, wanda bai san ciwo ba. Na runtse ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Ya yi gyaran murya. "Wani ya ce... ɗinkin hannu ne, kuma ba na yaro ba."

"Ya san abu," in ji Mama.

"Wata ta ce ta zuƙo hoton har ƙarshe ba ta ga inda allura ta bi ba." Ya ƙara jan shafin da yatsa. "Wani kuma ya ce duk wanda ya yi wannan, so yake ya gan shi ido da ido."

Mama ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta ce ita da ta zaci ta gama amfani a duniya. Ta sa masa albarka har sai da Gwaggo ta ce ya isa haka, kar a cinye ta ranar biki.

Bai ƙara minti biyar ba ya ce zai koma kemis. Na raka shi. Muna fita ƙofar gida na fara magana, ya ɗaga min hannu, hannun da aka gyara wa riga.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da tallan ya fito."

"Kina cikin guruf ɗin. Kina karanta duk abin da nake rubutawa." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. "Kika zo kemis na nuna miki hoto, kika ce bai fito ba. Kin bar ni ina zagin mahaifiyarki a gaban dubban mutane, sannan kika kawo ni na durƙusa a gabanta ta sa min albarka."

"Tsoro na ji, Shugaba. Na rasa wanda zan kare a cikinku."

"Da kin gaya min, da na yi fushi na huce. Tsohuwa ce, gyara ta gani ta yi. Amma ke kin san abin da kunnen nan yake a wurina, kuma kin san ni. Ko dai na zaci kin san ni."

Na tambaye shi yaushe za mu yi magana. Ya ce bari ya fara sanin abin da zai ce wa mutanen da ya tayar, don yanzu ko ya ce su tsaya ba lallai su ji ba. Ya tafi bai waiwayo ba, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana.

Na goge fuskata, na ɗora murmushi saboda Mama, na koma ciki. Na tarar da ita ta matso bakin kujera, fuskar nan fal annuri. Gwaggo na gefenta, ta ɗora tabarau a karan hanci, wayata da na bari a kan tebur tana hannunta.

"Yauwa, ga taron nasu na samo," in ji Gwaggo. "Yaron nan ɗan kaɗan ya karanta miki, abin da yawa. Bari in fara daga na sama, wanda shi ya rubuta da kansa."